Ina Za A Maƙala Ƙugiya In Za A Ɗora Mota A Kan Motar Ɗaukar Kaya?

In mota ta mutu a hanyar Zariya ko ta Abuja, aka kira mai shimfiɗaɗɗen baya ya zo ya ɗauke ta, ɓarnar da ta fi yawa a minti biyar ɗin da ake janta sama take faruwa. Yaron mota ya sunkuya, ya maƙala ƙugiya a ƙarfen da hannunsa ya fara taɓawa, winci, wato injin da ke naɗe wayar ja, ya ja. Sai an isa gareji a ga sitiyari ya karkace. Saboda haka mai mota ya tanadi abin jansa tun kafin ranar.

Abin da ya fi komai shi ne zoben ja na kamfani, wato ƙarfen nan mai zobe a kai da tiredi (zaren da ake murzawa kamar na noti) a gindi, wanda ke zuwa a but tare da jak da sifanar taya. A motoci da yawa, a gaban bamba akwai ɗan murfin roba. A ɓalle shi da bakin sukudireba da aka naɗe da tsumma, za a ga ramin. Ramin nan a jikin ƙarfen da ke bayan bamba yake, wanda ke ɗaure da shasi, don haka nauyin ja yana tafiya inda aka gina shi ya tafi. A goge ƙasa da tsatsa, a ɗaura da hannu har ya ƙure, sannan a zura sifanar taya cikin zoben a ƙara tamkewa. Zoben da ya shiga rabi ya fi rashinsa haɗari, domin zai tsige ne motar tana tsakiyar gangare. Masu Golf da sauran motocin Volkswagen su lura, nasu da yawa hagu ake juya shi ya ɗauru. Wanda ya dage da dama zai cinye tiredin. Kuma zoben na jan miƙe ne. In motar ta tsaya a karkace, a gyara tsayuwar babbar motar, kada a bari waya ta ja daga gefe.

Matsalar ita ce motocin Kwatano da yawa suna isowa babu shi, to a nan ake cutar mutane. A kasuwar Panteka ta Kaduna za a iya samun na asali da aka ciro daga motar da aka yanka, kuma shi nake ba da shawara a nema, na irin motarka daidai, domin kauri da tsawo da tiredi sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A je da motar, a gwada a wurin. Idan yana rawa a cikin ramin, ko ya cije bayan juyi biyu, ba nata ba ne, ko mai shago ya yi rantsuwa. Na asali da yawa ƙarfe ɗaya ne daga zobe har gindi. Wanda aka ga tabon walda a wuyansa, mai yiwuwa dogon noti ne aka liƙa wa zobe aka shafa baƙin fenti, kuma irin wannan a daidai waldar zai ɓalle. Su kuwa jajaye da shuɗayen nan masu sheƙi da samari ke ratayawa a bamba, yawancinsu ado ne, ba za su riƙe Corolla mai kusan kilo 1,300 a kan gangare ba, balle Sienna mai kusan tan 2.

In babu zoben, sai ƙananan ƙugiyoyi masu siffar T da ake sakawa a dogayen ramukan shasi a juya su kulle, guda biyu hagu da dama, a haɗe su a waya ɗaya don nauyi ya rabu. Suna aiki, muddin gefen ramin bai ci tsatsa ba. Doguwar ƙugiyar sarƙa kuwa ta Hilux ce da ire-irenta masu shasi daban. A ƙarƙashin ƙaramar mota ba abin da take yi sai tsinke bututun birki da yaga robar shaf. Igiyar kasuwa ba ta cikin lissafi.

Kada a yarda a kama tayirod (ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya), ko shaf, ko sandar balans, ko ƙarfen da ke riƙe lagireto, ko salansa, ko bamba kanta. Lowa am, wato ƙarfen ƙasa da ke riƙe taya, shi ma a bar shi, musamman na alminiyom, domin lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta riƙa cin taya gefe ɗaya.

Kafin a ja, a sa giya a firi, a sauke birkin hannu, a buɗe makullin sitiyari. Otomatik da batirinta ya mutu, a yawancinsu akwai ɗan rami kusa da giya da ake dannawa ta fita daga P. Mota mai ƙasa-ƙasa a shimfiɗa mata katako a bakin gangare. Kada kowa ya tsaya a bayanta ko kusa da wayar.

Da ta hau, aikin zoben ya ƙare. Wayar winci ba ɗauri ba ce. A sa bel huɗu, kowace taya ɗaya, a bar sifirin ya yi wasansa. A sayi mai faɗin milimita 50 da takardar shaida ɗinke a jiki. Nan ma akwai zamba: “tan 5” da ake bugawa da manyan haruffa nauyin da zai tsinke ne, wanda aka yarda a ɗora masa shi ne lambar da ke kusa da haruffan LC a takardar, galibi 2,500 daN, wato kusan tan biyu da rabi. Bel marar takarda, ko mai sirara kamar na jaka, ko wanda rana ta ƙone har yana gari, a mayar wa mai shi. Bayan an ɗaure a mayar da giya P, a ja birkin hannu, in an yi tafiyar kamar daga Kakuri zuwa Kawo a tsaya a sake tamke kowane bel, domin sabo yana saki.