Tes ɗaya a Moodle ya nuna mini inda koyarwata ta kuskure

Ni dai da farko ban so Moodle ba, wato manhajar da ake ɗora darussa da jarrabawa a kanta ta intanet. Da muka dawo daga kullen korona na 2020 da yajin aikin ASUU da ya ci wata 9, aka ce kowane malami ya ɗora kwas ɗinsa a kanta. Na ɗora takardun lacca biyu, na koma wa allona. Sai zangon da ya wuce na ce bari in gwada yin tes a cikinta, don makin takardun ɗalibai sama da 300 a kwas ɗin tsarin sautin Hausa yana cinye mini mako biyu.

Ba saurin makin ne ya burge ni ba, wannan kowa ya san shi. Da aka gama na buɗe shafin ƙididdiga, sai ga kowace tambaya da adadin waɗanda suka ci ta, har da amsar kuskuren da ta fi jan mutane. Idona ya tsaya a kan tambaya ta 14: me ya bambanta gari na zama da garin tuwo? Amsar ita ce tsawon wasali, domin karin sautinsu, wato hawa da saukar murya wajen furuci, ɗaya ne, ƙasa sannan sama. Amma galibin ajin karin sauti suka zaɓa, har da yaran da suka cinye sauran tambayoyin kaf. Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara da shekaru ina ganin wannan kuskuren a takarda, in ja masa jan biro in wuce, ina cewa yaran yanzu ba sa karatu. Ashe ni ne nake haɗa darussan biyu a lacca ɗaya, a babban ɗakin da lasifikarsa ta mutu tuntuni. Wanda ke zaune a layin baya ina zai ji bambancin gajeren wasali da dogo?

A daren na naɗi muryata ta minti 4 a cikin Moodle ɗin, ina furta kalmomin bibbiyu a hankali. Manhajarta ta waya tana barin ɗalibi ya sauke abu sau ɗaya ya yi ta sauraro ba tare da data ba. A lacca ta gaba wata ɗaliba ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, sai da na saurara sau biyar kunnena ya kama, amma yanzu ya zauna." Na daɗe ban ji daɗin aikina kamar ranar ba.

To amma duk lokacin da na tuna ranar tes ɗin kanta raina ɓaci yake yi. Minti 10 da farawa aka ɗauke wuta, sabar makaranta, wato babbar kwamfutar da Moodle ɗin ke kanta, ta tsaya, janareta babu mai. Waɗanda suka riga suka fara sun tarar da amsoshinsu a ajiye da aka dawo, wannan kam na yaba. Sauran fa? Wasu ko shiga ba su samu yi ba, wasu wayar aro suke jira mai ita ya gama. Wani yaro ya same ni a ofis idonsa jawur, kuɗin abincin ranarsa ya sa data, ga shi ta ƙare a banza. Dole na sake shirya musu wani tes a takarda, aiki ya zama biyu. Kullum ana ce mana manhajar kyauta ce, kuma gaskiya ne, tun da Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fito da ita a 2002 ba a sayar da ita. Amma saba da wuta da data ba kyauta ba ne, kuma a wuyan ɗan talaka nauyin yake faɗawa. Mu kanmu horon awa 2 aka yi mana, ba wanda ya nuna mana shafin ƙididdigar nan, da laluben kaina na gano shi.

Wannan zangon na buɗe ƙananan gwaje-gwaje na mako-mako marasa maki, kowa ya yi lokacin da ya samu data, na kuma ƙara naɗin murya a kowane darasi. Tes mai maki kuwa ya koma takarda har sai an sa wa sabar nan sola.