Tsakanin "imitate" da "mimic"

Ɗan'uwa, ka tambaya ko "imitate" da "mimic" abu ɗaya ne, tunda ƙamus ya ce maka duk kwaikwayo suke nufi. Ƙamus bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba.

"Imitate" ita ce mai faɗi. Daga Latin ta fito, kuma ba ruwanta da yabo ko zargi. Yaro ya ga babansa yana alwala ya tsuguna shi ma yana yi, yaron shago ya bi salon ɗinkin maigidansa, wani kamfani ya fitar da kaya irin na wani, duk ta ɗauke su. Wani lokaci koyi ne, wani lokaci jabu. Shi ya sa Turawa ke kiran fatar roba da ake ɗinka jaka da ita "imitation leather".

"Mimic" kuwa ba ta kai nan faɗi ba. Asalinta Girkanci ne, daga "mimos", ɗan wasan da ke kwaikwayon mutane a dandali, kuma har yau ba ta rabu da wannan gadon ba. Abin da ido ke gani da wanda kunne ke ji take kamawa: murya, tafiya, yadda mutum ke karkata hula ko gyaran murya kafin ya yi magana. Galibi don a yi dariya ne. Ɗalibin da ke tashi gaban allo da zarar malam ya fita, yana jan kalmomi irin nasa 'yan aji suna ƙyaƙyatawa, wannan "mimic" yake yi. Haka aku, mai maimaita sallama ba tare da ya san me ya faɗa ba.

A kimiyya ma ita ce ke da fili. A 1862 Henry Walter Bates, Baturen Ingila da ya shafe shekara 11 a yankin Amazon, ya bayyana yadda malam-buɗe-littafi mai daɗin ci ke zuwa da launin wanda tsuntsaye ke ƙyama, sai su ƙyale shi. Wannan "mimicry" ake ce masa, kuma a nan babu raha, babu ma niyya.

To in kana son cewa kana koyi da halin malaminka, kada ka kuskura ka rubuta "I mimic my teacher", za a ɗauka shaƙiyanci kake masa. "Imitate" za ta yi, ko da yake ni na fi son "emulate" a nan, don ita ce ke ɗauke da girmamawa. Ka kuma kula da rubutu: "mimicked" da "mimicking" ake rubutawa, da ƙarin "k".