Sharhi a kan yawon kwale-kwale a madatsar ruwa ta Kangimi

Mazauna Kaduna da ke neman inda za su kai iyali shan iska a ƙarshen mako sun fi sabawa da Ƙofar Gamji, wato lambun Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogi, inda ake ganin tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga wadda aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a wurin a 1954. Kaɗan ne suke tuna cewa a ƙaramar hukumar Igabi, idan aka kama hanyar Zariya aka karkata a Mararrabar Jos, akwai tafki mai faɗi da madatsar Kangimi ta tara, kuma wasu daga cikin masuntan da ke sana'a a kansa suna ɗaukar baƙi a kwale-kwale su zaga da su bisa kuɗin da aka daidaita a kai. Wannan hidima ta masunta ce nake son in auna wa mai karatu, domin ya san abin da zai samu idan ya biya kuɗinsa, da abin da ya wajaba ya zo da shi daga gida.

An gina madatsar a shekarun 1970 a kan rafin Kangimi, ɗaya daga cikin rafukan da ke zuba a kogin Kaduna kafin ya shigo gari. Manufar ginin ita ce a tara ruwan damina, a riƙa sakin sa cikin kogi idan rani ya yi nisa, domin matatar ruwa ta Malali ta samu abin da za ta ja, sannan a shayar da gonakin noman rani da ke kewaye. Shaƙatawa ba ta cikin lissafin waɗanda suka tsara aikin, kuma duk wanda ya isa bakin tafkin zai gane haka nan take, domin babu wani ofishi da ke sayar da tikiti ko allon da aka rubuta farashi. A yankin akwai filin wasan ƙwallon dawaki na Fifth Chukker mai masaukin baƙi, amma wannan harka ce dabam mai tsarinta da tsadarta, kuma ba ita nake sharhi a kai ba.

Mutane da yawa a Kaduna suna ɗauka cewa kowace madatsa garkuwa ce daga ambaliya, kuma na sha jin ana cewa da an ƙara tsawon ta Kangimi da ruwa bai shiga gidajen Kigo Road da na bakin kogi a Unguwar Rimi da Kabala ba, kamar yadda ya faru a damunar 2003 da ta 2012. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma kaɗan. Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato yake tasowa, yana tattaro rafuka masu yawa kafin ya iso gari, kuma Kangimi ɗaya ce kawai daga cikinsu. Manyan madatsun da ke kan kogin kansa, wato Shiroro da Zungeru, suna can ƙasa a jihar Neja, saboda haka ruwan da suke tarewa ya riga ya wuce Kaduna. Bayan wannan, akwai saɓani tsakanin aikin madatsar ruwan sha da aikin madatsar tare ambaliya. Mai son ya ba gari ruwa a watan Maris burinsa ya ga tafki ya cika maƙil a ƙarshen damina, shi kuwa mai son ya tare ambaliya yana bukatar tafkin ya zama da sarari a watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi. Randar da ta riga ta cika ba ta karɓar wani tulu, duk abin da aka ƙara mata zubewa zai yi. Haka tafki yake, da zarar ya cika, ragowar ruwan ta mazubar da aka gina masa take bi ta wuce. Abin da Kangimi ke iya yi shi ne ta shanye ruwan farkon damina na rafinta, ta kuma rage saurin saukar na baya, kuma wannan taimako ne, sai dai ba shi ne zai hana kogi tumbatsa ba.

Na tsaya a kan wannan bayani ne saboda shi ke yanke hukunci a kan irin yawon da baƙo zai samu. Tafkin da ake ɗibar ruwansa duk rani ba ya zama da fuska ɗaya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba yana cike, ruwan ya kwanta ya fara washewa daga jan laka na damina, ciyayin gaɓa suna da sauran kore, kuma kwale-kwale yana iya matsowa har inda mutum zai taka busasshiyar ƙasa ya shiga. Wannan ne lokacin da kuɗin mutum ya fi yi masa amfani. A Janairu da Fabrairu hazon hunturu yakan rufe ɗaya gaɓar, iska kuma takan tashi da hantsi ta kaɗa ruwan, abin da ba ya yi wa ƙaramin jirgi daɗi. Idan aka shiga bazara, ruwa ya ja baya ya bar fili mai taɓo, dole baƙo ya cire takalmi ya taka laka kafin ya kai ga jirgi, kuma kututturan itatuwa suna leƙowa a wurare marasa zurfi. A tsakiyar damina kuwa ba na ba kowa shawarar ya shiga da iyali, domin hadari yana haɗuwa cikin ɗan lokaci, kuma ruwan da ke kusa da mazuba yana da ja mai ƙarfi wanda ido ba ya gani daga sama. Abin da ya samu Maiduguri a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya isa ya sa mutum ya girmama cikakken tafki.

Jirage iri biyu ake samu. Akwai kwale-kwalen katako da ake tuƙawa da filafili, akwai kuma wanda aka ɗaura wa inji a baya. Mai inji ya fi tsada saboda kuɗin fetur, ya fi kai mutum nesa, kuma matasa shi suka fi so. A ganina na filafili ya fi shi nesa ba kusa ba ga wanda ya zo kallo. Ƙarar inji tana tayar da tsuntsaye tun daga nesa, tana kuma hana jin maganar matuƙi, alhali maganar matuƙin ita ce mafi darajar abin da ake saya a wannan yawo. A jirgin filafili mutum yana iya matsawa kusa da zalɓe yana tsaye a ruwa yana jiran kifi, ya ga garken kirinjijiya suna sauka, ya ga balbela ta yi fari a kan shanun da makiyaya suka kawo shan ruwa.

Dattijon da ya tuƙa mu ya cancanci yabo a kan sanin aikinsa. Ya san inda tsohuwar hanyar rafin take a ƙarƙashin tafkin, ya san inda kututture yake ko da ruwa ya rufe shi, kuma yana bi da jirgi ta gefen kalli da masunta suka shimfiɗa ba tare da ya taɓa ko igiya ɗaya ba. Ya nuna wa yara bambancin mai jefa birgi, wato komar da ake wurgawa, da mai kafa mali, wato tarkon kifi, ya bayyana musu dalilin da ya sa tarwaɗa ta fi kamuwa da ƙugiya a wuri mai laka, karfasa kuwa ta fi yawa a gefen ciyawa. Bai yi gaggawa ba, bai kuma nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar ruwa ba, wanda abu ne da ake kuka da shi a wasu wuraren. Da na tambaye shi ko za mu iya matsawa kusa da bangon madatsar, sai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, can ba wurin zuwa da yara ba ne." Na ce, "To, Baba, yadda ka gani." Matuƙin da yake iya hana mai biyansa abin da yake so saboda tsaron rai, shi ne wanda ya kamata a nema.

Babban aibin hidimar, wanda yabon da na yi ba zai rufe shi ba, shi ne rashin rigunan kariya daga nutsewa. A jirgin da muka shiga babu ko ɗaya, kuma da na yi magana sai wani matashi daga cikin masu jiran fasinja ya ce ai su a ruwa aka haife su. Wannan amsa tana kare matuƙi ne kawai, ba ta kare matar da ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba, ko yaron da zai miƙe tsaye don ya ga kifi. Kwale-kwale jirgi ne siriri, mutum biyu su karkata gefe ɗaya ya isa ya kife. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sanya rigar ga duk mai shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare, kuma ba a manta da hatsarin jirgin ruwa da ya faru a kogin Kwara a yankin Patigi na jihar Kwara ba, inda mutum fiye da 100 suka rasu a Yunin 2023 suna dawowa daga biki. Tafkin Kangimi ba kogin Kwara ba ne, amma zurfin da ya fi tsawon mutum duk ɗaya ne ga wanda bai iya iyo ba. Duk wanda zai je da iyali ya sayi riguna ko ya aro, musamman daidai jikin yara, domin rigar babba takan zame wa yaro ta kai idan ya faɗa ruwa. Ya kuma ƙi yarda a haɗa shi da wasu fasinjoji har jirgin ya nutsa kusa da baki, ko da hakan zai sa ya biya kuɗin jirgin gaba ɗaya.

Batun kuɗi ciniki ne, kuma yana tafiya da tsawon lokaci da irin jirgin. Abin da na lura shi ne ya fi kyau a daidaita komai a kan tudu kafin a shiga: tsawon lokacin da za a yi, inda za a kai, da ko kuɗin na kowane mutum ne ko na jirgi. Idan aka kwatanta da abin da iyali ke kashewa a wuraren wasan yara na cikin gari, yawon yana da rahusa.

A bakin tafkin ana samun ɗanyen kifi da aka fito da shi a ranar, da wanda mata suka soya ko suka yi banda. Soyayyar karfasa da yaji da na ci ba ta da abin kushewa, kuma ɗanyen kifin ya fi na kasuwannin gari araha idan mutum ya zo da safe kafin dillalai su kwashe. Abin da babu shi ne abubuwan da ke sa iyali su daɗe a wuri. Ban ga makewayi mai kyau ba, wanda matsala ce babba ga mata, inuwa kuma sai ta bishiya. Mai zuwa ya ɗauko tabarma, da buta, da ruwan sha, da abin da zai zuba shara ya koma da ita. Na ga ledojin ruwa da robobin lemo a gaɓa, kuma abin ya dame ni fiye da yadda zai dame ni a wani wuri, domin ruwan nan shi ne wanda ake saki ya bi kogi ya isa Malali, daga nan ya shiga famfunan gidajenmu. Wanda ya wanke babur ko ya zubar da baƙin mai a bakin Kangimi yana ƙara wa matatar aiki ne, kuma shi ma yana cikin masu shan ruwan.

Yara za su roƙi a bar su su yi wanka, musamman idan suka ga 'ya'yan masunta suna tsalle daga jirgi. Shawarata ita ce a hana su. Ban da haɗarin rami a ƙarƙashin ruwa, ruwan da ke kwance irin na tafki yana raya ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Ƙwayar tana ratsa fatar mutum yayin da yake cikin ruwa, ba sai ya sha ba, kuma alamarta da aka fi sani, wato jini a fitsari, takan bayyana ne bayan makonni, lokacin da iyaye sun manta da yawon. Tana da magani a asibiti, amma kauce mata ya fi sauƙi, kuma yaron da ya zauna cikin jirgi sanye da rigarsa bai rasa komai na daɗin wurin ba.

Hukuncina shi ne hidimar ta cancanci a gwada ta, ga masu sha'awar kallon tsuntsaye, da malaman makaranta da ke son ɗalibai su ga inda ruwan garinsu ke fitowa, da iyalan da suka gaji da hayaniyar gari, muddin sun zo da rigunansu kuma sun zaɓi matuƙi dattijo. Ba ta dace da tsofaffi masu ciwon gwiwa ba, saboda shiga da fita daga kwale-kwale yana bukatar durƙuso, haka kuma mai jariri a goye gara ta zauna a gaɓa. A isa da sassafe kafin iska ta tashi, a nemi izinin jagoran masunta na wurin kafin a ɗauki hoton mutane ko kayan aikinsu, a tambayi mazauna yankin halin da hanya take ciki kafin a baro gida, sannan a kama hanyar komowa Kaduna bayan la'asar domin a shigo gari da sauran rana.