Kodak Pixpro FZ45: ƙaramar kyamara ga yaro ɗan shekara 10 zuwa 12

Iyaye da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende suna cin karo da buƙata iri ɗaya idan yaro ya kai shekara 10 ko 11, wato yana sha'awar ɗaukar hoto, alhali bai kai munzalin da za a damƙa masa wayar salula mai intanet ba. Ƙaramar kyamarar dijital ta aljihu tana raba wannan gardama, domin aikinta ɗaya ne, kuma babu TikTok ko WhatsApp a cikinta. Na saya wa 'yata mai shekara 11 Kodak Pixpro FZ45 gabanin Ƙaramar Sallah, ta yi ta aiki da ita har damina ta yi nisa, kuma ra'ayina shi ne cewa a cikin sababbin kyamarori masu sauƙin kuɗi, ita ce ta fi dacewa da yaron da ke zaune a Legas.

Kafin a zo kanta, wajibi ne a yi hattara da kyamarorin nan masu launin alewa waɗanda ba su da sunan wani sanannen kamfani, ga kuma rubutu ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsu cewa suna da megafiksel 48 (ma'aunin yawan ɗigon da ke cikin hoto) da zum ninki 16 (jawo abu na nesa ya matso). Arharsu tana jan hankali, sai dai akasarinsu ƙaramin idon kyamara ne irin na tsohuwar waya aka saka a cikin roba, sannan manhaja ta kumbura hoton domin adadin ya yi yawa. Zum ɗinsu ma na dijital ne: kyamarar tana yanke tsakiyar hoton ne ta faɗaɗa shi, shi ya sa fuska take dagulewa da zarar an jawo ta. Zum na gaskiya shi ne wanda gilasan kyamarar suke motsawa, har a ga hancinta yana fitowa yana komawa. Yaro ɗan shekara biyar zai yi murna da waccan, amma ɗan shekara 11 ya riga ya saba ganin hotunan wayar mahaifiyarsa, kuma zai gane bambancin tun ranar farko.

FZ45 tana da megafiksel 16, da zum na gaskiya ninki huɗu wanda yake farawa daga faɗin milimita 27 (wato yana ɗaukar wuri mai faɗi), da allo mai inci 2.7, tana kuma ɗaukar bidiyo mai ingancin 1080p. Kamfanin JK Imaging ne yake ƙera ta da lasisin sunan Kodak. Lokacin da na saye ta, farashinta a Amurka yana kewayen dala 100, a nan kuwa yana hawa da sauka tare da canjin dala, don haka ya kamata a kwatanta abin da ake faɗa a kasuwar kayan lantarki ta Computer Village da ke Ikeja da abin da ke kan Jumia ko Konga kafin a biya.

Abin da ya fi rinjayar zaɓina shi ne batir. Wannan kyamara tana aiki da batir biyu ƙirar AA, irin wanda ake sa wa agogon bango, kuma duk wanda ya san halin wutar lantarki a unguwanninmu ya san darajar hakan. Idan batir ya ƙare a tsakiyar walimar suna, ba sai an jira an kawo wuta ko an tayar da janareto ba, canzawa kawai za a yi a ci gaba. Amma akwai sharaɗi: batirin rediyo mai arha da ake sayarwa a tireda ba ya iya riƙe kyamara, musamman idan an kunna filasha, domin ƙarfin da take ja lokaci guda ya fi abin da yake iya bayarwa. Abin da ya dace shi ne batirin alkalin, ko kuma, wanda ya fi, batir huɗu masu caji ƙirar NiMH irin su Eneloop na Panasonic tare da cajarsu, biyu a cikin kyamara, biyu a jaka. Wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun farko, haka ma katin ajiya na SD, wanda ba ya zuwa a cikin kwalin. Mai gigabait 32 ya wadatar.

Da rana a fili, hotunanta suna da kyau ƙwarai. Ranar Sallah 'yata ta durƙusa ta ɗauki hannun ƙanwarta da aka yi wa lalle, ta matso sosai har zanen ganyen da ke bayan yatsu ya fito ɗaya bayan ɗaya, ga awarwaro yana ƙyalli a wuyan hannun. Ta kawo mini allon tana cewa, "Baba, duba, har inda lallen ya fara ɓarewa ya fito." Da magariba ko a cikin ɗaki kuwa labari yana canzawa, saboda na'urar da ke karɓar haske ƙarama ce, kamar yadda take a duk kyamarorin wannan aji, don haka hoto yakan yi yashi-yashi, kuma idan hannu ya girgiza sai ya yi dishi-dishi. Maganinsa shi ne a koya wa yaro ya riƙe ta da hannu biyu, ya manna gwiwar hannunsa a jikinsa, ya danna maɓallin rabi har ta daidaita kafin ya ƙarasa dannawa. Ina ganin wannan horo ne mai amfani, wanda waya ba ta koyarwa tun da ita take yi wa mutum komai.

Wanda ya fi son siririya yana iya duba Kodak FZ55, mai zum ninki biyar da batirin lithiyam da ake yi wa caji, idan ya amince da wutar gidansa. Kodak WPZ2 tana jure ruwa da faɗuwa, amma ta fi tsada. Akwai kuma na hannu, waɗanda a nan ake kira tokumbo, kamar Canon IXUS 185 mai zum ninki takwas da Sony Cyber-shot W800. Kyamarori ne nagari, sai dai sun kwana biyu, batirinsu na musamman ne, kuma farashinsu ya tashi tun da matasa suka koma sha'awar irin hotunansu. Duk wanda zai sayi ta hannu ya je da katinsa, ya ɗauki hoton farar takarda ya duba ko akwai tabo, ya fitar da zum har ƙarshe ya saurari ko yana ƙara ko yana sarƙewa, sannan ya haska gilashin da tocila ya duba ko akwai farin zare kamar saƙar gizo-gizo. Wannan zare hunhuna ce, kuma danshin Legas ne yake haifar da ita.

Sabuwa ma ba ta tsira daga danshin ba. FZ45 ba ta da kariyar ruwa, jikinta kuma roba ce, saboda haka tana buƙatar ƙaramar jaka mai laushi da igiyar hannu wadda yaro zai zura kafin ya kunna ta. Da damina a ajiye ta a cikin roba mai murfi tare da ƙananan ƙunshin silika masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sababbin takalma, a kuma cire batir idan za ta daɗe ba a taɓa ta ba, don kada ya tsiyaye ya cinye ƙarafunan ciki.

Ba ta da Wi-Fi, kuma a wurina wannan alheri ne, domin hoto ba ya barin kyamarar sai an cire kati an saka a kwamfuta, ko a na'urar karanta kati da ake maƙalawa a waya. Ta haka uba ko uwa suke ganin kowane hoto kafin a tura shi ga dangi a Kano ko Sakkwato. A wannan zaman ne kuma ake jaddada wa yaro cewa ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa, kuma ba a fito da kyamara a cikin motar haya ta danfo ko a cunkoson Oshodi.