Dogon bidiyo ko Shorts (gajeren bidiyo), wanne zan kama a YouTube?

Kullum sai an yi min tambayar nan. Dogon bidiyo kashi 55 na kuɗin talla ne naka, in ya kai minti 8 har a tsakiya za ka saka talla, amma fa aiki ne ja, ga editin ga cin data, kuma sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara ba ka kuɗin talla. Shorts waya kawai ta isa, sai dai kashi 45 ne, kuma nan ma sai ka tara mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 a kwana 90 kafin a fara biyan ka, wanda ba wasa ba ne wallahi, yau bidiyo ya tashi gobe an manta shi. Dogon kuwa ko bayan shekara ana nemo shi. Mai koyarwa kuma mai haƙuri ya kama dogo, mai son a san shi da wuri ya fara da Shorts.