Littafin godiya a wata cibiyar masu barin giya a Gombe

Cibiyar da nake magana a kanta ƙarama ce, tana cikin garin Gombe, kuma aikinta shi ne ba da shawara ga waɗanda shan giya ya zame musu jaraba. Ƙanena ne ya halarci zamanta na mako-mako bayan shekarun da ya kwashe tsakanin burkutu da giyar leda, ni kuma nake raka shi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba su karɓe shi kai tsaye ba, sai da suka tura shi asibiti. Wanda jikinsa ya saba da giya, idan ya yanke ta farat ɗaya, yakan fara rawar jiki da gumi cikin 'yan sa'o'i, wani kuma bayan kwana 2 zuwa 3 ya shiga ruɗewa da gane-gane, har abin ya kai ga rasa rai idan babu likita a kusa.

Bayan an sallame shi ne suka ba shi ƙaramin littafi, aka ce kowane dare ya rubuta abubuwa uku da ya gode wa Allah a kansu, tare da dalilin da ya sa suka faru. Dabarar ba sabuwa ba ce. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta mashaya masu taimakon juna wajen barin giya, da aka kafa a Amurka a 1935, mambobinta sun daɗe suna rubuta jerin godiya, kuma a 2003 masana halayyar ɗan Adam Robert Emmons da Michael McCullough suka wallafa binciken da ya nuna masu lissafa ni'imomi sun fi masu lissafa damuwoyi jin daɗin rayuwa. Mu kuwa muna da aya ta 7 a Suratu Ibrahim, inda Allah ya yi alkawarin ƙari ga mai godiya.

Inda mai ba da shawarar ya burge ni shi ne ba ya yarda da godiyar baki. Da ƙanena ya rubuta "na gode Allah da lafiya", sai ya mayar masa da littafin ya ce, "Malam, wace lafiyar? Me ka gani yau?" Daga baya na ga ya rubuta cewa ya riƙe kofin shayi hannunsa bai yi rawa ba, kuma 'yarsa ta zauna kusa da shi ba ta kawar da hanci ba. A ganina amfanin abin ke nan, domin mashayi yakan koma wa kwalba ne lokacin da baƙin ciki da kunya suka rufe shi, littafin kuwa yana tilasta masa ya ga abin da ya samu da barinta. Wanda bai iya boko ba yana rubutawa da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya.

Sai dai akwai gyara. Wurin jira yana fuskantar titi, duk mai wucewa yana ganin wanda ke zaune, alhali a garinmu tsoron tonon asiri ne yake hana mutane da yawa neman taimako. Haka kuma babu zama na musamman domin mata, ko masu shan ko matan da ke zaune da mashaya. Wanda zai kai ɗan'uwansa ya nemi lokacin safiya, kafin titin ya cika, kuma ya tafi da takardar sallama daga asibiti, domin ita za su fara tambaya.