Famfon jet ko famfon nutso: wanne ya dace da rijiyar garka a Tawa?

Masu noman albasa a yankin Galmi, cikin jihar Tawa ta Nijar, sun san iyakar injin ban ruwa na gama-gari: da ruwan rijiya ya sauka ƙasa da mita 7 zuwa 8, sai injin ya yi ta ruri, tiyo a bushe. Daga nan zaɓi biyu ne.

Famfon jet injinsa yana sama. Yana tura ruwa ƙasa ta bututu ɗaya, ruwan ya matse ta wani siririn baki, ya fita da gudu. Gudun nan ne ke rage matsi a wurin, sai ruwan rijiya ya tsotsu, su haɗu su hau ta bututu na biyu. Wanda ya bayyana dabarar shi ne Venturi, ɗan Italiya, a 1797. Abin da ke can ƙasa ba ya da ko ƙarfe ɗaya mai juyawa, shi ya sa jiragen ruwa ke kwashe ruwan cikinsu da irinsa, masana'antu kuma suna gauraya sinadarai da shi. Aibinsa cin makamashi: da ƙyar kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ke zama aiki.

Famfon nutso kuwa, injin da farfelarsa duk suna cikin ruwa. Ya fi zurfi, ya fi ba da ruwa, kuma yana tafiya daidai da faifan sola. Sai dai rairayi na cinye farfelar, kuma in ya lalace dole a zaro shi gaba ɗaya.

Ni dai, rijiya mai yashi da ba ta wuce mita 25 ba, jet zan saka mata, don ana gyara injinsa a bakin rijiya. In ta fi haka zurfi, ko da sola za a yi aiki, na nutso ne.